Tambayi likita: cututtukan da suka addabi sarakunan Farisa da rundunarsu

Tambaya daga wani ɗalibin tarihi a Zariya: Likita wai da gaske ne Sarki Sairus na Farisa ba ya shan ruwan garin da ya je yaƙi?

Malam haka Hirodotus marubucin Girka ya kawo, wai in babban sarkin Farisa zai fita yaƙi ana ɗebo masa ruwan kogin da ke wucewa ta birnin Susa, a tafasa shi, a zuba a tulunan azurfa, alfadarai su ja a keken kaya su bi shi duk inda ya nufa, kuma ya faɗi haka ne wajen labarin tafiyar Sairus Babila wadda ya ci a shekara ta 539 kafin haihuwar Annabi Isa. Ba su san ƙwayoyin cuta ba a lokacin amma dabarar ta yi daidai. Talakan soja kuwa bai samu wannan gata ba, da rundunar Zaksis, wani sarkin Farisa na baya, ke komowa daga Girka a 480 kafin haihuwar Annabi Isa yunwa ta sa suna cin ciyawa da ɓawon itace, atini da annoba suka riƙa zubar da su a hanya. Toh ruwan da ba ka yarda da shi ba ka tafasa shi ya yi ta ɓararraka minti ɗaya, in gudawa ta kama mutum a ba shi ruwan gishiri da sukari, in da jini a ciki kuma sai asibiti.

Wani bawan Allah daga Maraɗi: Ya za a yi sarkin da ya ci Masar ya mutu saboda ciwo a cinya?

Kambisis kenan ɗan Sairus, ya ci Masar a 525, ya rasu a 522 kafin haihuwar Annabi Isa. An ce yana hawa doki takobinsa ya soke shi a cinya, ciwon ya ruɓe har ƙashi. Rauni mai zurfi da datti ya shiga har yau yana kisa ɗan'uwa. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, kar a zuba ƙasa ko toka ko kashin shanu, a je a yi allurar tetanus, in ya fara wari ko baƙi ko zazzaɓi ya zo kar a kwana a gida.

Wata baiwar Allah daga Kumasi: Na ji labarin sarauniyar Farisa mai ƙari a nono, ni ma ina jin wani ƙullutu wata biyu kenan, kunya ta hana ni faɗa.

'Yar'uwa wannan tambayar taki ita ta fi tsaya min a rai. Atosa ce sarauniyar, 'yar Sairus matar Sarki Dariyus, kuma labarin ya nuna ita ma kunya ta sa ta ɓoye tun yana ƙarami sai da ya fashe ya bazu sannan ta kira Dimosidis, likitan nan Bagirke da ya gyara wa mijinta ƙafa, ya warkar da ita, har aka ce ladansa shine ta zuga Dariyus ya juya kan ƙasar Girka. Yadda ya warke ɗin nan na fi zaton ƙurji ne mai mugunya. Naki ba zan iya sani daga saƙo ba, yawancin ƙullutun nono ba kansa ba ne amma ba a ganewa sai an duba an yi hoto, wani lokaci a ɗebi ɗan nama a gwada. Dan Allah ki je cikin satin nan, ki nemi likita mace in hakan zai fi miki sauƙi, kar ki matsa shi kuma kar a yi miki sakiya.