Filasko, tazargade da kirarin magori: amsoshi kan kalmomin magani

Tambayoyin da suka taru a wannan karo kusan duk a kan magani suke, kuma yawancinsu sun fito ne daga 'yan'uwanmu na Gadarif, Kasala da Mai Wurno a nan Sudan, waɗanda suke jin sunan tsiro da Hausa a bakin iyaye a gida, su kuma ji wani sunan da Larabci a wurin mai sayar da itatuwan magani a kasuwa.

Wata Hajiya daga Gadarif ta ce kakarta takan ambaci filasko, ita kuwa abin da ta sani a kasuwa shi ne sanamaka, shin abu ɗaya ne? Hajiya, 'yan gida ɗaya ne, amma masana tsirrai sun raba su. Filaskon da ke tsirowa a ƙasar Hausa shi ne wanda suke kira Senna italica, sanamaka kuwa Senna alexandrina, wanda ake samu da yawa a nan Sudan har ana fitar da shi ƙasashen waje. Asalin sunan Larabcin shi ne sana makki, wato sanan Makka, kuma da wannan sunan ya shiga bakin masu magungunan Musulunci na Kano da Sakkwato, suna cewa sanamaki. Aikinsu ɗaya ne, wato wankin ciki. Sinadarin da ke cikin ganyen, wanda ake kira senosaid, ba ya aiki sai ya isa babban hanji, inda ƙwayoyin halittar da ke zaune a wurin suke farfasa shi, shi ya sa wanda ya sha da dare sai wajen asuba yake ganin aikinsa. Wannan sinadarin ne ake matsewa a yi ƙwayoyin da ake sayarwa a saidaliyya, wato kantin magani. Likitoci suna gargaɗi kada a mai da shi abin sha na kullum, domin yawan zawo yana zubar da ruwan jiki da gishirin fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi.

Tambayar da ta fi nauyi ta zo daga wani malamin makaranta a Kasala. Ya ce ya ji ana cewa da tazargade aka yi maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibiti, saboda haka yana so ya san asalin kalmar, kuma ko shan jiƙon tazargade zai wadatar.

Malam, siffar kalmar tana nuna cewa daga harshen Buzaye muka aro ta, kamar takobi da takarda da tozali, domin harafin t a farkon suna alama ce ta jinsin mace a harsunansu, kuma ta wajen Asbin fatake suka riƙa kawo busasshen ganyen. Tsiro ne mai ƙamshi da ɗaci daga dangin da masana suke kira Artemisia. To, wannan dangi yana da ɗaruruwan iri, kuma shih ɗin da kake gani a kasuwannin Larabawa ma a cikinsa yake. Irin da aka samo maganin zazzaɓi daga gare shi guda ne, Artemisia annua, wanda mutanen Sin suka daɗe suna amfani da shi. Ruɗanin ya yaɗu a 2020, lokacin da shugaban Madagaska na wancan lokaci, Andry Rajoelina, ya fito da wani abin sha da ya ce yana maganin korona, kafofin labarai na Hausa kuma suka fassara sunan tsiron da tazargade saboda ita ce kalmar da ta fi kusa. Ban ga laifin masu fassarar ba, domin harshe yakan ba dangi guda suna guda. Sai dai mai sauraro ya ɗauka cewa ƙunshin ganyen da ke ɗakin kakarsa shi ne ainihin wanda ake magana a kai, alhali sunan ya haɗa tsirran da abin da ke cikinsu ya bambanta ƙwarai.

Ko da a ce ainihin irin ne a hannunka, akwai tazara mai yawa tsakanin ganye da ƙwayar magani. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman maganin zazzaɓin cizon sauro, wata masaniya mai suna Tu Youyou ta shugabanci ɗaya daga cikin rukunoninsa. Sun yi ta tafasa ganyen suna gwadawa, sakamakon ba ya tsayawa wuri ɗaya, har ta ci karo da bayanin wani likitan ƙarni na huɗu mai suna Ge Hong, wanda ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, bai ce a dafa ba. Daga nan ta gane cewa zafi yana iya lalata sinadarin, ta sauya hanyar tatsa zuwa mai ƙarancin zafi, a 1971 ta sami abin da ya kashe ƙwayar cutar a jikin dabbobin gwaji, a 1972 kuma aka tace sinadarin atemisinin. Wannan aiki ne ya sa aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Mai jin Hausa zai lura cewa abin da ya buɗe mata hanya shi ne bambancin da ke tsakanin jiƙo da dafawa, bambancin da 'yar mai ganye takan jaddada wa mai saye idan ta ce wannan sassaƙen jiƙa shi ake yi, wancan kuwa sai an tafasa da jar kanwa.

Atemisinin yana da saurin aiki, yana kuma da saurin fita daga jiki. Don haka ake haɗa shi da wani maganin mai daɗewa a jini, kamar lumefantirin da ke cikin Coartem, a sha kwana uku, na farkon ya karya ƙarfin cutar, na biyun ya share ragowar. Jiƙon ganye ba shi da ma'auni, domin yawan sinadarin yana sauyawa gwargwadon ƙasar da aka shuka tsiron da lokacin girbi da yadda aka shanya shi. Wanda ya sha kaɗan yana iya jin zazzaɓin ya sauka alhali ƙwayoyin cutar mafi taurin kai sun tsira, su ne kuma sauro zai ɗauka ya kai wa maƙwabci. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa ba ta goyon bayan amfani da ganyen ko jiƙonsa a matsayin maganin wannan zazzaɓi. Maganar ta shafe ku mutanen Kasala fiye da kowa, domin Eritiriya da ke maƙwabtaka da ku tana cikin ƙasashen Afirka da bincike ya tabbatar cewa ƙwayar cutar ta fara jure wa atemisinin, tare da Ruwanda da Uganda da Tanzaniya.

Wani ɗalibi daga Mai Wurno ya yi tambaya mai ban sha'awa. Ya ce in maganin tari yana kawar da tari, me ya sa maganin barci yake kawo barci? Ɗana, ka taɓo wani abu da mu masu harshen ba mu cika lura da shi ba. Harafin n da ke ƙarshen maganin yana ɗaure kalmomi biyu ne kawai, bai faɗi irin dangantakar da ke tsakaninsu ba, hankalin mai sauraro ne yake cike gurbin. In abin da ya biyo baya abin ƙi ne, kamar tari ko sauro ko ɓera, sai a fahimci kawarwa. In abin so ne, kamar barci ko ƙarfi ko farin jini, sai a fahimci jawowa. In kuwa abin tsoro ne da bai auku ba tukuna, kamar a maganin ƙarfe da 'yan tauri suke taƙama da shi, sai a fahimci kariya. A karin magana ma'anar ta ƙara faɗi ta zama duk abin da yake iya wa wani abu, kamar yadda ake cewa maganin biri karen Maguzawa, ko haƙuri maganin zaman duniya.

Wannan faɗin ma'ana ya sa kalma guda take ɗaukar abin da ke warkarwa da abin da ke kashewa, ko da yake muna da guba ga abin da aka ci ko aka sha, da dafi ga na maciji da kunama da wanda ake shafa wa kibiya. Masu haɗa magunguna ba za su ga wannan a matsayin sakacin harshe ba. Wafarin, wanda ake ba masu fama da daskarewar jini, ya fara fitowa kasuwa a Amurka a 1948 a matsayin maganin ɓera, sai a 1954 aka amince a ba mutane shi da awo ƙanƙane. Ƙwanƙwanin da maharban ƙasar Hausa suke dafa dafin kibiya da 'ya'yansa kuwa, daga danginsa likitocin Turai suka tace maganin zuciya a ƙarshen ƙarni na 19. A duka biyun awo ne ya raba gubar da waraka.

Wata malama daga Sinnar ta ce ta ji mahaifinta yana ce wa wani mai cika baki "magori, wasa kanka da kanka", ita kuma ta ɗauka wasan yara ake nufi. Malama, rubutunmu na boko ne ya ruɗe ki, domin ba ya nuna karin sauti. Wannan wasa ita ce ta wasa wuƙa a dutse, daga nan aka ari ma'anar a ce maroƙi yana wasa sarki, wato yana koɗa shi. Magori kuwa mai tallar magani ne da ke yawo kasuwa-kasuwa, ya shimfiɗa buhu ya jera saiwoyi da sassaƙe da ƙulle-ƙullen gari, ya yi ta lissafa cututtukan da kayansa suke warkarwa, daga basir har shawara. Sarki yana da maroƙa, malami yana da almajirai, shi kuwa magori ba shi da mai yabonsa sai bakinsa. Kirarin yana da zolaya a ciki, kuma yana nuna cewa Bahaushe ya daɗe da sanin cewa shaidar mai kaya a kan kayansa ba ta da nauyi. Abokin tafiyarsa shi ne karin maganar nan da ke cewa sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da masu binciken magani suka ƙara a kan wannan shi ne tsarin gwajin, kuma akwai misalinsa a nan gida. Ciwon madura, wanda yakan shiga ƙafar manomi ko makiyayi ta wurin sukar ƙaya ya yi ta cin nama har ƙashi, ya yi yawa a jihohin Sinnar da Jazira. Cibiyar binciken wannan ciwo ta Jami'ar Khartum, wadda Farfesa Ahmad Hasan Fahal ya kafa a 1991, ta fara gwada wani sabon magani mai suna fosrabukonazol a 2017, tare da ƙungiyar DNDi mai neman magungunan cututtukan da aka yi watsi da su, da kamfanin Eisai na Japan. An raba marasa lafiya ɗari da ɗoriya ta hanyar ƙuri'a, wasu suka sha sabon, wasu suka sha tsohon maganin itirakonazol, kuma aka shirya ƙwayoyin yadda majiyyaci da likitan da ke duba shi duk ba su san wanne aka ba wa ba. Manufar wannan rufin ido ita ce a hana wanda ya ƙirƙiro maganin zama magori, domin shi ma mutum ne, yana son kayansa su ci. Da sakamako ya fito, sabon bai nuna ya fi tsohon warkarwa ba, kuma haka masu binciken suka rubuta. Fa'idarsa ita ce sau ɗaya ake shan sa a mako, tsohon kuwa kullum, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mutumin ƙauye da zai shekara yana jinya. Ni a ganina, maganin da masu shi suka iya faɗin iyakarsa ya fi cancantar a amince da shi fiye da wanda aka ce yana warkar da cuta arba'in.

Tambaya ta ƙarshe daga wani dattijo ce a Damazin, wanda ya ce an gaya masa karkade sha yanzu magani yanzu ne ga hawan jini, yana kuma neman sunansa na Hausa. Baba, Hausa ta raba tsiron kashi-kashi: ganyen da ake miya da shi yakuwa, jan kwanson da ake jiƙawa zoɓo ko zoɓorodo, 'ya'yan kuwa gurguzu. Karkaden Kurdufan da kuke saye shi ne zoɓon. Ita kuwa sha yanzu magani yanzu daga bakin masu talla ta fito, yanzu kuma ana faɗin ta ga duk abin da sakamakonsa yake zuwa nan take. Ba ta dace da zoɓo ba. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka aka buga a 2010, mutum 65 masu hawan jini marar tsanani ne suka shiga, kuma waɗanda suka sha kofi uku kullum sai da suka yi mako shida kafin a auna raguwar kusan maki 7 a lambar sama ta awon hawan jini. Raguwa ce ta gaske amma 'yar kaɗan, ba ta isa mai shan ƙwayar hawan jini ya ajiye ƙwayarsa ba. In kuna sha kullum, ku sanar da likitanku domin ya yi lissafi da shi wajen awon maganin da yake ba ku, ku kuma rage sukarin da ake zubawa a ciki.