Tambaya da Amsa: Garin MOF da gurɓataccen ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ba masana uku kyautar Nobel ta ilimin sinadarai ta 2025 a kan wani abu wai shi MOF. Mene ne shi, kuma zai iya tace ruwan majemun Challawa? Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Masanan su ne Susumu Kitagawa, Richard Robson da Omar Yaghi. MOF taƙaitawa ce ta sunan Turanci "metal-organic framework". A ido gari ne kawai kamar hoda, amma cikinsa kamar saƙar zuma yake: ƙwayoyin ƙarfe ne kusurwoyi, wasu sinadarai masu kabon kuma su ne sandunan da ke haɗa su, tsakani duk ramuka. Giram uku na MOF-5, wanda Yaghi ya fitar a 1999, faɗin bangon ramukansa ya kai filin ƙwallo. A jikin bangon nan guba ke maƙalewa.

Sai dai MOF-5, da tutiya aka gina shi, danshin iska ma rusa shi yake yi. Mai jure ruwa shi ne irin UiO-66 na Jami'ar Oslo, wanda ya fito a 2008. Ana narka gishirin zirkoniyom da asid ɗin terefitalik (wanda ake yin gorar roba da shi) a cikin wani ruwan sinadari mai narkarwa da ake kira DMF, a rufe, a dafa a zafi digiri 120 na tsawon awa 24. Daga nan a wanke da metanol, a busar da zafi. Wanda ya yi gaggawa a wankin zai tarar ramukan cike da DMF, garin ba ya kama komai, ga shi DMF ɗin kansa yana cutar da hanta.

Game da majema kuwa, kada ka fara da MOF. Ruwan farar ƙasa da aka jiƙa fata a ciki kaifinsa irin na kanwa ne, yana kaiwa 12 a ma'aunin pH (ruwa mai tsabta 7 ne), kuma a nan UiO-66 wargajewa yake yi. Kitse da gashi su toshe ramuka, gishiri ya yi gogayya da kuromiyom (ƙarfen da ake jima da shi, gubar da ake son cirewa) wajen samun wuri. Shi ya sa alkaluman ɗakin gwaji, inda ake zuba guba ɗaya tak a ruwa mai tsabta, ba sa maimaituwa a magudanar masana'anta. Tsarin da ya dace shi ne a ware ruwan kuromiyom daban, a kwantar da shi da farar ƙasa, a tace, sannan MOF ya zo a ƙarshe ya kwashe ɗan ragowar. Ko a nan ma sai an dunƙule garin ya zama ƙananan ƙwallaye, in ba haka ba ya toshe matata ko ya bi ruwa ya fita. Idan ya ƙoshi a wanke shi da asid mai rauni, ruwan wankin kuma guba ce tsantsa, dole a tanadar mata wurin zubarwa tun farko. A farashin yau, sarrafaffen gawayi ya fi shi araha nesa ba kusa ba.

Tambaya: Malam, da an kai wannan garin MOF can a 2010, da ya ceci yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara? Daga wata malamar jinya a Gusau.

Amsa: A'a, Malama. Akwai nau'in MOF da ake liƙa wa sinadarin ƙibiritu, suna kama dalma a ruwa sosai, kuma iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa dalma a ruwan sha ita ce maikirogiram 10 a kowace lita. Amma yara fiye da 400 da suka rasu, Allah ya jiƙansu, akasari ta ƙura da ƙasa gubar ta shige su, domin a cikin gidaje ake niƙa dutsen zinariya. Abin da ya yi aiki shi ne kankare ƙasar saman tsakar gida, a binne ta nesa, a zuba mai tsabta, a fitar da niƙa daga cikin ƙauye, sannan a ba yaran maganin da ke fitar da dalma daga jini.