Tsakanin recede da decline

Malam, ka tambaya ko kalmomin Turancin nan recede da decline ma'anarsu ɗaya. A'a, sun bambanta, kodayake duk daga Latin suka fito.

Recede haɗin re ne, wato baya, da cedere, wato tafiya. Ka ga yadda kogi ke janyewa bayan damina, ya bar laka a gaɓa? To, wannan janyewar ce. Daga tushen nan recession ta fito, koma-bayan tattalin arziki.

Decline kuwa asalinta declinare, karkata ko sunkuyawa, kamar rana in ta goce bayan azahar. Shi ya sa ake faɗin ta ga lafiyar da ke raguwa, har ma da ƙin karɓar gayyata cikin ladabi, domin mai ƙin kau da kai ya yi.