Me ke kashe ganyen kafin cutar ta iso?

Tambaya: Malam, na lura idan fungas, wato funfuna mai cutar da shuka, ya kama ganyen masara, gefen tabon yakan yi rawaya ya bushe tun funfunar ba ta kai wurin ba. Me ke jawo haka?

Amsa: Ɗan'uwa, idonka ya gani daidai. Dafi ne. Wasu nau'ukan fungas ba sa iya cin rayayyen nama, sai su tura guba ta riga su shiga ganye, ta kashe ƙwayoyin halittarsa, sannan su bi baya su ci.

Kowace guba da inda take sara. Cercosporin, wadda fungas ɗin Cercospora ke fitarwa, ba ta aiki a duhu. Sai hasken rana ya taɓa ta take haifar da wani mugun nau'in iskar oksijin mai huda fatar ƙwayoyin, ruwan cikinsu ya tsiyaye. Fusicoccin kuwa, gubar wani fungas ɗin daban, ƙananan ƙofofin numfashin ganye take wangalewa su ƙi rufuwa, shuka ta yi ta asarar ruwa har ta yi yaushi.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce T-toxin, gubar wani fungas mai kama masara, domin iri take zaɓa. A 1970 galibin masarar Amurka na ɗauke da gadon halitta iri guda, wanda gubar ke lalata wa sashen samar da kuzari a ƙwayar halitta. Kusan kashi 15 cikin 100 na amfanin shekarar ya salwanta. Da manoma suka koma irin da ba shi da wannan gadon, annobar ta lafa.