An ba ni majo, amma ba mai jin maganata

Assalamu alaikum Goggo. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Garwa, ƙasar Kamaru. Na yi shekara uku a makaranta, na samu diflomar gwamnati, shekarata biyar ke nan ina aiki. Wata huɗu da suka wuce aka naɗa ni majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, ta ɗakin mata mai gado 24. Ƙarƙashina akwai nas biyar da mataimakan jinya huɗu, biyu daga cikinsu sun haife ni. In na raba aiki sai su ce "to, yarinya", su ci gaba da abin da suka saba. Likitoci kuwa ba sa nemana sai in takarda ta ɓace.

A makon jiya aka kawo wata mata daga ƙauye da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. An yi mata allurar artesunat ta farko ƙarfe 10 na safe. Ta biyu ta kama ƙarfe 10 na dare, amma ba a yi ba sai da gari ya waye, domin kwalba uku kawai mijinta ya sayo. Masu aikin rana ba su faɗa wa masu dare ba, su kuma da ba su ga magani ba suka ɗauka an gama. Allah ya tashi kafaɗarta, amma ni aka kira ofis. Na dawo na yi faɗa, yanzu ba mai gaishe ni da sakin fuska. Goggo, in ajiye muƙamin nan ne in koma bakin gado?

'Yarki a Garwa

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki ajiye. Batun "yarinya" kuma ki jingine shi tukuna, zan zo kansa. Ciwon ɗakinki yana wurin miƙa aiki ne, kuma labarin matar nan ya nuna shi ƙarara.

Duba lissafin. Babba yana karɓar artesunat miligiram 2.4 a kan kowane kilo, a awa ta farko, da bayan awa 12, da bayan awa 24. Mace mai kilo 60 tana buƙatar miligiram 144, wato kwalba uku masu miligiram 60 a kowace allura. In an haɗa maganin ba ya wuce awa ɗaya, saboda haka ragowar kwalba ta uku zubarwa ake yi, ba a ajiye wa dare. Tun ƙarfe 10 na safe ke nan an san cewa kwalba tara ake buƙata, shida ba su zo ba. Wannan labari yana cikin kan mutum ɗaya, ya tashi aiki ya tafi da shi gida.

Maganinsa shi ne a daina miƙa aiki a baranda ana saka takalmi. Mai tashi da mai karɓa su zagaya gado gado, minti 20 ya isa, su faɗi abu huɗu a kan kowace marar lafiya: halin da take ciki yanzu, abin da ya kawo ta da abin da aka yi mata, yadda mai tashi take ganin jikin, sai abin da ya rage a yi. Da Faransanci ana taƙaita tsarin da SAED. Na huɗun ne ake yawan cinyewa, shi ne kuma mai kisa. A faɗe shi da agogo da adadi: "Gado na 7, artesunat ta biyu ƙarfe 10 na dare, kwalba uku, ba a sayo ba, mijin ya ce bayan la'asar." Mai karɓa ta maimaita da bakinta, a rubuta a littafi, su biyun su sa hannu. Kalmar "sau biyu a rana" ki hana ta a ɗakinki, kowa da yadda yake fassara ta.

A zagayen nan ido ya yi aiki. A ɗaga hannu a duba wurin ƙarin ruwa ko ya kumbura, a ƙirga ɗigo. Igiyar da aka saba da ita tana ba da ɗigo 20 a mililita ɗaya, don haka ruwa mililita 500 da aka so ya yi awa 8 ɗigo 21 ne a minti. A liƙa filasta a jikin robar, a rubuta lokacin da aka ɗaura da lokacin da ya kamata ya ƙare.

Masu jinya ma ma'aikatanki ne, ko da ba sa karɓar albashi. A asibitocinmu su ke sayo magani, su ke kwana a gefen gado. Tun ranar kwantarwa ki san wa ke riƙe da kuɗi, domin sau da yawa wadda take zaune a kan tabarma ba ta da ko sefa, mai kuɗin kuma yana tafiya kafin magariba. Ki faɗa masa jimillar abin da za a buƙata cikin awa 24, da harshen da yake ji, Fulatanci ko Hausa, ki sa ya maimaita. Kullum da la'asar wata ta bi gadaje ta tabbatar maganin dare yana hannu, tun akwai lokacin neman mafita.

Ina zargin ana raba aiki a ɗakinki ne iri iri: wannan ta allura, waccan ta tansiyo, wato awon hawan jini. Yana da sauri, amma marar lafiya ba ta da mai ita. Ki raba gadaje, kowace nas ta san nata, sunanta a kan allo. Mataimakiya za ta iya wanka, da juya wadda ba ta motsi kowace awa biyu, da auna zafi da fitsari, amma ki ba ta iyaka da adadi: in zafi ya kai 39, ko numfashi ya wuce 24 a minti, ta kira nas nan take. Lissafin magani da minti 15 na farkon ƙarin jini ba a ba wa mataimakiya, balle 'yan sitaj, wato ɗalibai masu koyon aiki. Aiki ake miƙawa, alhakin yana nan a wuyan wadda ta miƙa.

Likitoci. Kina jira ne su neme ki, alhali likita yana ganin marar lafiya minti biyar, ku kuma kuna tare da ita dare da rana. Buƙatun marar lafiya 14 da malamar jinya Virginia Henderson ta tsara, waɗanda kika haddace don jarrabawa, numfashi, ci da sha, bayan gida, barci, tsabta, filinki ne, ba sai an rubuta miki ba. Ki shiga zagayen safe da littafinki, ki riga su magana: "Dokta, gado na 12 fitsarinta mililita 150 ne cikin awa 8, kilonta 60, ina so a duba ta yanzu." Wadda take magana haka ba a aikenta neman takarda. In an ba da umarni ta waya, ki maimaita, ki rubuta da lokaci, a sa hannu in an zo.

Yanzu iyayenki biyu. Faɗan da kika yi a gaban jama'a kuskure ne, kuma illarsa ta wuce ɗaure fuska: inda ake tsawa a kan kuskure, ɓoye shi ake koya. Ki same su ɗaya bayan ɗaya, ki kira su Inna, ki ba da haƙuri a kan yadda kika yi maganar, ba a kan maganar ba. Ki tambaye su dalilin abin da suka saba yi, wani lokaci akwai hikima a ciki, wani lokaci ragowar zamanin da babu kayan aiki ne. Sannan ki ɗora wa kowacce wani abu da zai zama nata, ɗaya horar da 'yan sitaj, ɗaya kula da gyambon kwanciya. Jadawalin aiki ki kafe shi tun farkon wata, ki ɗauki rabonki na ranar salla. Su ci gaba da ce miki yarinya in sun so, ai sun haife ki. Amma wadda ta ƙi zagayen miƙa aiki bayan an yi mata magana sau biyu a keɓe, ki rubuta, ki kai wa shugaban ma'aikatan jinya, ki kuma sanar da ita kafin ki kai.

Daga Litinin ki buɗe shafi a bayan littafinki, ki riƙa ƙirga abu uku: allurar da ta makara fiye da awa ɗaya, miƙa aikin da aka yi ba sa hannu, da sabon gyambon kwanciya. Damina tana tafe, gadajen nan 24 za su cika har ƙasa, gara tsarin ya zauna kafin watan Agusta. In wata ya cika ki ɗauki shafin ki kai ofishin da aka kira ki, ki nemi a riƙa ajiye 'yan kwalaben artesunat a ɗakinki saboda dare, a biya daga baya.

Goggo