An kwaikwayi fasalin murhun da nake ƙerawa: me doka ta tanada?

Wani mai walda daga cikin birnin Katsina ya aiko da tambaya cewa shekara biyu ke nan yana ƙera wani murhun gawayi mai ƙira ta musamman, da kunnuwa masu lanƙwasa da adon huje-huje a jikinsa, sai ga shi yanzu wani ya soma ƙera irinsa sak yana sayarwa da araha.

Malam, dokar da ta shafi al'amarinka ita ce Dokar Mallakar Ƙirƙira da Zanen Kayan Masana'antu ta 1970. Abin da take karewa shi ne abin da ido ke gani, wato siffa, layuka da launuka, matuƙar an yi su ne domin a riƙa ƙera kaya da yawa a kan wannan samfuri. Saboda haka lanƙwasar kunnuwan da tsarin adon suna iya shiga ciki, amma idan hujin an yi shi ne kawai domin iska ta riƙa hura gawayi, wannan aiki ne ba ado ba, kuma rajistar zane ba ta rufe shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne sharaɗin sabunta. Doka ba ta amince a yi wa zane rajista ba idan ya riga ya fita ga jama'a kafin ranar shigar da takardar neman rajista, ko ta hanyar sayarwa, ko ta hanyar ɗora hotonsa a Facebook. Shekaru biyun da murhunka ya yi a kasuwa sun kashe wannan sharaɗi. Mai yiwuwa wani ya ce maka ka je Abuja kawai za a ba ka takardar shaida, kuma ba ƙarya ya yi ba, domin ofishin rajistar da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ba ya binciken sabuntar zane. Sai dai ranar da ka kai ƙara Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ce ke da hurumin irin wannan shari'a, lauyan abokin hamayyarka zai nemi a soke rajistar, kuma tsofaffin rasitanka ne za su zama hujjarsa. Ban ba ka shawarar kashe kuɗi a wannan hanya ba.

Abin da ya rage maka a kan wannan murhu shi ne ƙarar sojan gona a kasuwanci, wadda ba ta bukatar rajista. Dole ne ka nuna cewa masu saye sun san wannan ƙira da kai, cewa kayan wancan yana sa su zaci naka ne, kuma hakan ya jawo maka asara. Dillalin da zai shaida cewa an dawo masa da murhun da gindinsa ya ɓule ana cewa naka ne, alhali ba naka ba, ya fi tarin hotuna amfani. Kafin kotu, bari lauya ya rubuta masa takardar gargaɗi, sannan a gwada sulhu ta hannun shugabannin sana'arku.

Ƙirar da za ka fitar nan gaba kuwa, kada kowa ya gan ta a kasuwa sai ka shigar da takarda, domin doka tana bai wa wanda ya riga shigarwa fifiko. Kariyar shekara 5 ce, ana sabuntawa sau biyu, jimilla shekara 15, kuma ƙananan canje-canje ba sa wanke mai kwaikwayo. Ka kuma yi wa tambarinka rajista ka riƙa buga shi a jikin ƙarfen. Idan kayanka na ƙetarawa ta Jibiya zuwa Maraɗi, ka sani cewa rajistar Najeriya ba ta aiki a can. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar da ke yi wa ƙasashen Afirka da ke cikinta irin wannan rajista, mai hedikwata a Yawunde ta Kamaru, kuma kana da wata 6 daga ranar da ka shigar a Abuja ka nemi kariya a can da fifikon wannan rana.