Shigar zuwa taron aiki a Yamai, ga mai goyo

Ƙanwata, kin tambaye ni yadda matan Yamai ke isa taron ofis fes alhali ga goyo ga 'yan makaranta. Kin ce tun da kika koma aiki bayan arba'in, kullum da tumbuɗi a kafaɗa kike shiga. Na tausaya miki ƙwarai, domin haka na sha fama farkon da aure ya kawo ni nan daga Kano.

Mu dai rana ce ke zaɓa mana tufa. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, saboda haka leshi mai nauyin nan da muke ji da shi a gida sai ranar biki. Abin zuwa buro, wato ofis, atamfa ce ta auduga: riga da siket ko doguwar riga, da kallabi, sai mayafi marar nauyi a kafaɗa. Wasu lafaya suke naɗawa, musamman 'yan Diffa da Damagaram, kuma tana yi musu kyau matuƙa. Ni ban ba mai goyo shawararta ba, yaro na ja ɗaya ta warware.

Idan reniyo, wato taron aiki, babba ce, mai manyan baƙi, to shadda ake fiddowa, wadda a nan ake kira bazan. Masu bugu ake kai wa, su daka ta da sanda har ta riƙa ɗaukar ido. Sai dai shadda ba ta shiri da ruwa: ɗigo ɗaya ya taɓa ta, shatinsa na nan har a tashi taro. Shi ya sa duk lokacin da nake shayarwa na ajiye ta gaba ɗaya, na koma atamfa mai cikar zane da duhun launi, wadda ko ta ɓaci ba mai ganewa. Na kuma sa tela ya riƙa saka mini zif a gaba yana ɓoye shi cikin ɗinki. Wata Bazabarma da muke aiki tare ce ta koya mini wannan, Allah ya saka mata da alheri.

Akwai kuma atamfar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, wadda ake tunawa da fitowar da mata suka yi a 1991 suna neman a ba su wuri a shirin babban taron ƙasa. Ma'aikata kan yi ankonta. Mai dabara ba ta yi mata ɗinkin biki, ɗinki mai sauƙi take yi, sai ta ci gaba da zuwa aiki da ita.

Amma fa asirin duka yana daren jiya ne. Bayan isha'i nake guga, nawa da na yara, domin wuta ba ta da tabbas, har dutsen guga na gawayi na ajiye. In rataye kaya, in haɗa takardu a jaka, in saka mayafi na biyu a ciki. Da safe kuwa da tsohon zane nake wanka wa yara, in ba su koko, in shirya su tsaf, ni ce ta ƙarshen sa kaya. In zan goya, sai na shimfiɗa tawul mai tsabta a baya, in lulluɓa babban hijabi wanda zai tare ƙura, musamman da hunturu. Sai na sauke manya a lekol, wato makaranta, na miƙa ƙaramar wurin mai reno, sannan in cire hijabin in gyara ɗauri. Mu da ke Harobanda sai mun tsallaka kogi, kuma cunkoson gadar Kennedy da safe ba ya barin mai jinkiri.

Ado kaɗan ake yi. Azurfar maƙeran Buzaye da ake samu a kasuwar masu sana'ar hannu ta Wadata ta wadatar: 'yan kunne ƙanana da yaro ba zai fizga ba, da zobe. Takalmi mai faɗin ƙasa, don yashi ya fi kwalta yawa a unguwanni. Humra kuma ki taƙaita, ɗakin taro a rufe yake da na'urar sanyi, kada ki hana na kusa da ke numfashi.

Kada ki ɗauka sai da kaya cike da akwati. Kala huɗu masu kyau ɗinki nake juyawa, sai shadda ɗaya, kuma ban taɓa jin kunyar maimaitawa ba. Ki aiko mini da rigarki guda wadda ta zauna miki daidai, in kai wa telana ya auna ya yi miki irin mai zif ɗin, ki gwada a taronku na gaba.